Yadda ake gano matsalar kwamfutar tebur in ta ƙi tashi

Salam ƴan'uwa. Bayanin ga na masu kwamfutar tebur ne, wadda akwatinta daban ekiran daban, irin ta biro da siba da wurin masu buga takardu da fotokopi. Na daɗe ina wannan aiki a nan Maradi, kuma abin da na lura da shi shi ne yawancin kwamfutocin da ake ɗaurowa bayan kabu-kabu ana cewa sun mutu, ba su mutu ba, kuran ne kawai bai kai inda ya kamata ya kai ba. Don haka aikin duka bin sawu ne, kamar mai bin tiyo daga bakin famfo har randa yana neman inda ruwa ya tsaya: ka fara daga bango, ka bi igiya, ka shiga akwati. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya sannan a gwada. Kuma kar ka sayi komai tukuna.

Kayan da za ka tanada

Turnabis mai kan tauraro, da wani ƙarami mai faɗin baki. Miltimetir, wato abin auna ƙarfin kuran, in kana da shi, in babu ba laifi zan faɗi yadda ake yi ba shi. Igiyar kuran ta biyu wadda ka tabbata tana aiki, irin mai ramuka uku ɗin nan, ta ekiran ko ta firinta ma ta isa don yawanci iri ɗaya ne. Ɗan ƙarfen nan na maƙale takardu, ko guntun waya mai jan ƙarfe ciki. Gom ta ƴan lakwal, fara mai tsabta. Buroshin fenti sabo mai laushi wanda bai taɓa shiga fenti ba. Abin hura iska na masu gyara, in babu famfon hura tayar keke yana ɗan taimakawa. Pil guda mai lamba CR2032. Fitilar salula. Sai ɗan murfi ko faranti da za ka zuba sukurori ciki, don in ɗaya ya faɗa cikin yashin tsakar gida sai dai haƙuri.

Ka yi aikin a kan tebur na katako ko benci, wuri mai haske, ba kan katifa ko darduma ba. Ka sa takalmin roba, hannu a bushe.

1. Kafin ka taɓa komai, tambaya da kallo

Ka tambayi wanda ya yi aiki da ita na ƙarshe, mi ya faru? An ɗauke kuran tana kunne? An yi ruwa da tsawa daren jiya? An tada gurup tana jone? An matsar da ita don a yi shara? Yau aka sayo ta? Amsar nan tana rage maka rabin wahala. Mutane ba su son faɗin gaskiya in suna tsoron a ce su suka lalata, musamman yaron shago, to ka tambaye shi cikin lalama, ka ce mishi ba faɗa za a yi ba.

Sai ka danna maɓallin kunnawa sau ɗaya ka kasa kunne, ka duba, ka shinshina bayan akwatin. Za ka same ta a ɗaya daga cikin hali uku. Ko dai shiru gaba ɗaya, ba fitila ba ƙarar fanka. Ko ta taso fanka ya juya na daƙiƙa ɗaya ko biyu ta mutu, wani sa'in ta sake tasowa da kanta ta sake mutuwa. Ko kuma fanka na ta juyawa fitila na ci amma ekiran baƙi ƙirin. In hali na uku ne kana iya tsallakawa zuwa mataki na 9 da na 10 kai tsaye, kuran na shiga. In ka ji ƙaurin roba ko ka ga hayaƙi, zare igiya nan take kar ka sake dannawa wai ko za ta kama, kowace dannawa tana iya ƙara ƙona wani abu.

2. Bango, ralonj, istabilizata, ondila

Zare kwamfutar daga piriz ɗin ka sa wani abu da ka san yana aiki, fanka ko cajar waya. Amma ka lura, cajar waya da kwan fitila na zamani suna kamawa ko da kuran ya yi rauni ƙwarai, don haka kamawarsu ba ta nuna kuran ya cika. Fanka ya fi faɗin gaskiya, in ka ga yana juyawa a kasalance ka san kuran ya faɗi. Mai miltimetir ya juya shi wajen V mai alamar igiyar ruwa, ya zaɓi lamba mafi girma, 600 ko 750, ya sa tsinkayen biyu cikin ramukan piriz ba tare da yatsa ya taɓa ƙarfen ba. Kuran ɗin NIGELEC 220 ne, in ka ga abin da ke kusa da haka lafiya lau. In ya sauka nesa da haka, kamar yadda yake yi lokacin zafin watan huɗu da na biyar da kowa ya kunna abin sanyi, tsofaffin kwamfutoci da yawa ba za su tashi ba sai da istabilizata.

Yanzu ka cire duk abin da ke tsakanin bango da kwamfutar. Ralonj ɗin nan masu araha su ne suka fi ba mutane kunya, ƴar fitilarsu tana ci amma rami ɗaya ko biyu sun saki ko sun ƙone daga ciki. Istabilizata kuma wasu suna da maɓallin jinkiri, in an danna shi sai ta yi ƴan mintoci kafin ta saki kuran, mutum ya zaci ta lalace. Ondila, mai riƙe kwamfuta da batir in an ɗauke kuran, ita ma batirinta ba ya daɗewa cikin zafin garin nan, in ya mutu wata sai ta yi ta kuka, wata kuma ta ƙi ba da kuran ko da akwai shi a bango. Jona kwamfutar kai tsaye a bango don gwaji kawai. In ta tashi, ka gane mai laifin, sai ka dawo da su ɗaya bayan ɗaya har ka ga wanda ya hana.

Masu sola da kwambatisa: wasu kwambatisa masu araha ba su ba da kuran mai santsi, wata kwamfutar tana ƙin shi ko ta yi ta ƙara zzzz ta mutu. Ɗauke ta ka gwada gidan maƙwabci mai kuran ɗin gari kafin ka yanke mata hukunci.

3. Igiyar kuran

Canza igiyar da waccan ta biyun. Ka tura ta sosai cikin bayan akwatin har ta zauna daram, don sau da yawa mai shara ne ya ja akwatin igiyar ta ɗan zaro, ido na ganinta a ciki amma ba ta taɓa ba. In kan igiyar irin na Najeriya ne, mai ƙafa uku masu kusurwa da ake shigowa da su ta Jibiya da Ɗan Isa, to akwai fizib a cikin kan, yana ƙonewa igiyar ta zama matacciya alhali ba abin da ya same ta. Buɗe ɗan murfin ka canza fizib ɗin da mai lamba irin tasa. Dan Allah kar ka naɗa mishi takardar sigari ko waya kamar yadda wasu ke yi, shi aka sa don ya ƙone a madadin kayanka. Sannan irin wannan kai ba ya shiga piriz ɗinmu mai ramuka zagayayyu sai da adafta, adaftar nan ita ma ka zarge ta, da yawa suna lilo.

4. Maɓallan bayan akwati

Wajen da igiya ke shiga, wasu akwatuna suna da baƙin maɓalli mai alamar O da I. Ya kasance a kan I. Yara suna son danna shi.

Kusa da shi kuma, a tsofaffin injuna, akwai wani ɗan jan maɓalli da ake turawa gefe, an rubuta 115 a ɓangare ɗaya 230 a ɗayan. Nan ka nutsu. Ƙasar Amurka kuran ɗinsu wajen 120 ne, don haka kwamfutar okaziyon da ta fito daga can tana iya zuwa da maɓallin a kan 115. Kana jona ta a namu sai ka ji tas, wani sa'in da ɗan hayaƙi, shi kenan alimantasiyon, wato akwatin ƙarfen nan na ciki da igiyar kuran ke shiga, ta tafi. Lambar da idonka ke gani a jikin maɓallin ita ce wadda aka zaɓa, to dole ka ga 230. Duk kwamfutar da aka sayo ko aka aiko maka daga waje, kafin igiya ta taɓa ta ka juya bayanta ka duba wanga abu. In za ka tura shi, sai igiya na zare. In ba ka ga jan maɓallin ba sam, duba takardar da ke manne a jikin alimantasiyon, in an rubuta 100 zuwa 240V ita ke daidaita kanta, ba ruwanka. In kuma aikin gama ya gama an riga an jona ta a 115, kar hankalinka ya tashi da yawa, galibi alimantasiyon ce kaɗai ke ƙonewa sauran kayan su tsira, za ka tabbatar a mataki na 8.

5. Sauke ragowar kuran, ka cire kayan waje

Zare igiya, danna maɓallin kunnawa ka riƙe shi kamar daƙiƙa 30, ka saki. Wannan yana zubar da ragowar kuran da ya maƙale ciki. Bayan an ɗauke kuran an maido shi da ƙarfi, alimantasiyon takan kulle kanta don kariya, wannan ɗan abin kaɗai yana tada ta. Kafin ka maida igiyar, cire firinta, kile, kebul ɗin intanet, cajar da wani ya soka, komai, ka bar igiyar kuran kaɗai. Haska ramukan USB na gaba da na baya da fitila. In ka ga wanda ɗan harshen robar cikinsa ya karye ƙarafan suka lanƙwashe suna taɓa juna, ga dalili nan, don wannan haɗuwar tana hana inji tashi. Igiya na zare ka raba su da tsinken sakace, ka toshe ramin da salatif kar kowa ya sake amfani da shi. A siba wannan ya fi yawa, kowa da yadda yake tura kile ɗinsa.

6. Buɗe akwatin

Igiya a zare, ka sake riƙe maɓallin nan. Kwantar da akwatin, kwance sukurori biyu na baya ka zame murfin, na Dell da HP da yawa ma ba sukurori, ɗan hannu ne ake ja. Kafin ka sa hannu ciki ka taɓa ƙarfen akwatin, kuma ka riƙa taɓawa lokaci lokaci. Lokacin hunturu da iska ke bushe jikin mutum yana tara wutar nan da ke ɗan tsikarinka in ka taɓa ƙofar mota, ita wannan tana kashe RAM, sandunan nan da za ka gani a mataki na 9, ba tare da ka ji komai ba.

Ɗauki hoton cikin da wayarka kafin ka zare ko da waya ɗaya, daga sama da kuma kusa kusa. Za ka gode min lokacin maidawa.

Sai ka duba da fitila a hankali. Babban allon da komai ke manne a kai, wato kart mer, akwai ƴan gwangwanaye tsaye a kansa, kondansata kenan. Samansu ya kamata ya zama a shafe. In ka ga wanda ya kumbura sama, ko ya tsage yana fidda abu ruwan ƙasa kamar tsatsa, ya mutu. Nemi baƙin tabo na ƙuna. Nemi gawar tsaka ko kyankyaso, da kashin kusu da wayar da ya gaigaya, ba wasa nake ba, akwatin da ya kwana biyu a ƙasa cikin magaza gida ne a wurinsu. Nemi sukurun da ya faɗo ya kwanta kan allon, girgiza akwatin kaɗan za ka ji shi.

Ƙura kuwa ba sai an faɗa ba, wanda ya ga akwatin da ya yi hunturu biyu a shagon bakin titi kusa da babbar kasuwa ya san yadda take yin kirtani a jikin fanka har ta toshe ƙarfen sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ruf. Fita waje da shi ka hure. Ka dafe fanka da yatsa ko tsinke lokacin hurawa kar iska ta yi ta wulwula shi fiye da ƙima. Kar ka hura da baki, yawu na bi. Kar ka sa tsumma mai ruwa, kar ka sa fetur ko kananzir. Inda ƙurar ta daskare ka bi da buroshi a hankali.

7. Matse haɗe-haɗe, ka gwada maɓallin kunnawa

Daga alimantasiyon, wato akwatin ƙarfen nan da igiyar kuran ke shiga, wayoyi biyu ne manya ke zuwa kan kart mer. Babba mai ramuka 24, a tsofaffi 20, da ƙarami mai 4 ko 8 kusa da furosesa, wayoyinsa rawaya da baƙi. Zare kowanne ta hanyar danna ɗan maƙallinsa, duba ko ramukan sun yi baƙi ko robar ta narke, ka maida har ka ji ƙas. Ƙaramin nan shi aka fi mantawa, in ba ya ciki fanka zai juya amma ba za ka ga komai ba. Kwamfutar da ta sha hanya, a ce daga Kwatano ko Lome aka ɗauko ta, ko ma daga nan zuwa Dakwaro a bayan mota, girgiza kaɗai tana sassauta su.

Maida igiyar kuran ba tare da ka kunna ba, ka duba ko akwai ƴar fitila da ke ci a kan kart mer. Ba duka ke da ita ba, amma in akwai kuma tana ci, kuran na isowa ciki. To sai a zargi maɓallin gaban, don shi ma yana mutuwa, ƙura ta shige shi ko robar ta karye. Bi siririyar wayar da ta fito daga maɓallin har inda ta zauna kan allon, za ka ga ƴan tsinkaye a jere da rubutu ƙanana, nemi PWR SW ko PWR BTN ko PW. Zare ƴar wayar, ka ɗauki ƙaramin turnabis ka taɓa tsinkayen nan biyu tare na daƙiƙa ɗaya ka ɗauke. Kuran da ke wurin kaɗan ne ba ya kama mutum, hatsarin kawai kar hannunka ya goce ka haɗa waɗanda ba su ba. In ta tashi, maɓallin ne. In ba ka samu wani ba, akwatin da ke da maɓallin risit sai ka ɗauko wayarsa ka sa a gurbin, ka riƙa kunnawa da shi. A wasu Dell da HP wayoyin gaban duka a dunƙule suke cikin kai ɗaya ba rubutu, in ba ka gane tsinkayen ba kar ka yi ta taɓe-taɓe, garin neman gira a rasa ido, wuce mataki na gaba.

8. Gwada alimantasiyon

A garin nan ita ce ta fi mutuwa, don ita ke karɓar duk dukan da kuran ke yi, ga zafi ga ƙura. Gargaɗi tukuna: kar ka kwance murfinta. Manyan kondansatan cikinta suna riƙe kuran mai ƙarfi ko bayan an zare igiya, yana iya illata mutum. Daga waje ake gwada ta.

In Dell OptiPlex ce, duba baya kusa da inda igiya ke shiga, da yawansu suna da ɗan maɓalli da ƴar fitila. Jona igiya ka danna shi ka riƙe, in fitilar ta kawo kore fanka ya juya, alimantasiyon na da rai. In ba ta kawo ba, zare igiya, cire duk wayoyinta daga kart mer da diski, wato ma'ajiyar takardunka, ka sake gwadawa. In yanzu ta kawo, wani abu ne a ciki ke janye ta, in har yanzu shiru, ita ce.

Ga sauran injuna masu kai mai ramuka 24 ko 20, ga yadda ake yi. Zare igiyar bango. Cire duk wayoyin alimantasiyon daga jikin komai. Riƙe babban kan, za ka ga koriyar waya guda ɗaya tak a cikin tarin, da baƙaƙe da yawa. Miƙe ɗan ƙarfen takardun nan ka lanƙwasa shi kamar harafin U, ka soka ƙafa ɗaya ramin koriyar, ɗayar ramin kowace baƙa. Ajiye shi yadda ba zai taɓa ƙarfen akwati ba, sannan ka jona igiya. In fankan alimantasiyon ya juya ya ci gaba da juyawa, tana tashi. In bai motsa ba, ko ya yi motsi ɗaya ya tsaya, galibi ta mutu. Ka tabbata kore ce ka gani ba shuɗiya ba, a ƙarƙashin fitila mai rauni suna kama da juna. In wayoyin duka baƙaƙe ne kamar na wasu sababbi, ko kan ƙarami ne mai ramuka 6 ko 8 irin na wasu HP da Dell da Lenovo, kar ka yi wannan gwajin da ka, tsarin wayoyinsu daban ne.

Juyawar fanka ba ta nufin lafiya lau take, tana iya tashi amma ta kasa ɗaukar kaya. Mai miltimetir ya juya shi wajen V mai miƙaƙƙen layi, lamba 20, baƙin tsinke a ramin baƙar waya, jan tsinke a wadda ake aunawa. Rawaya 12 ce, ja 5, ruwan lemu 3.3, mai ruwan shanshanbale ita ma 5 ce kuma tana nan ko inji bai tashi ba muddin igiya na jone. An yarda su kauce da kashi 5 cikin 100, wato rawaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25. Abin da ya fita wannan iyaka, canza ta. Wanda ba shi da miltimetir, hanya mafi sauƙi ita ce aron alimantasiyon daga wata kwamfuta mai aiki, ba sai ka ɗaure ta ciki ba, ajiye ta gefe ka jona wayoyin biyu ka kunna.

In za ka saya, ɗauki tsohuwar ka tafi da ita a gwada girma da kai, don ƙananan akwatunan nan na biro kowanne da siffar tasa. Lambar wat ɗinta ta kai ta tsohuwar ko ta fi. Ni dai ra'ayina, asalin okaziyon da aka ciro daga Dell ko HP ta fi min sabuwa marar suna da ka ɗaga ka ji ba nauyi. Kuma a gwada maka a gabanka kafin ka biya.

9. RAM da pil

Fanka na juyawa ba hoto, ko tana tashi tana mutuwa, ko tana kuka tit tit tit, fara da RAM. Su ne dogayen sandunan nan da ke tsaye kusa da furosesa. Igiya a zare, buɗe maƙallan gefe, sandar za ta ɗago, riƙe ta ta gefuna kar ka taɓa zinariyar ƙasan. Goge zinariyar da gom gaba da baya a hankali har ta yi haske, kaɗe ɓurɓushin, hure ramin. Wajen maidawa ka duba ƴar tsagar da ke ƙasan sandar ta yi daidai da tudun cikin ramin, ta fuska ɗaya kaɗai take shiga, sai ka danna gefe biyu da ƙarfi har maƙallan su rufe da kansu. Sabon shiga yakan ji tsoron dannawa ya bar ta rabi, sai a koma gidan jiya. In sanda biyu ce ko fiye, sa ɗaya kaɗai ka gwada, ka canza rami, ka canza sanda, ta haka za ka gane wadda ta mutu ko ramin da ya mutu. RAM iri-iri ce, DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, in ta ƙi kar ka tilasta.

Kukan nan da ƙiftawar fitila magana ce injin ke yi, ka ƙirga. A tsofaffin HP Compaq Elite da suka cika biro-biro, jar fitila da kuka sau 2 zafin furosesa ne, sau 4 matsalar kuran, sau 5 RAM, sau 6 ɓangaren hoto. Kowane kamfani da nasa lissafin, don haka ka rubuta sunan injin da adadin kukan ka bincika a waya.

In kukan zafi ne, ko tana yin ƴan daƙiƙu ta mutu, duba fankan furosesa yana juyawa kuwa, wayarsa na jone, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa bai yi lilo ba. In ka ɗaga ƙarfen nan dole ka goge tsohon man toka-tokan da ke tsakani ka sa sabo ɗan ɗigo a tsakiya. In ba ka da man, kar ka ɗaga. Man goge baki ba ya maye gurbinsa, ko wa ya faɗa maka.

Pil kuma, za ka gan ta a kwance kan allon, fara mai sheƙi kusan girman dala goma. Ita ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato saitin da inji ke tashi da shi. Sabuwa 3V take, in ta yi rauni kwanan wata yakan riƙa komawa baya, wasu injunan ma su ƙi nuna komai. Igiya a zare, tura ɗan maƙallin ta fito, bar ta waje kamar minti 5, riƙe maɓallin kunnawa, sannan ka sa sabuwa alamar + tana kallon sama. Masu gyaran agogo da masu sayar da makullin mota suna da ita. Bayan haka in ta tashi ta ce ka danna F1, danna, ka gyara kwanan wata.

10. Ekiran

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Fitilar ekiran tana ci? Shi ma da igiyarsa. Shuɗin kebul ɗin VGA a ɗaure yake gefe biyu, tsinkayensa ba su lanƙwashe ba? In HDMI ne, an zaɓi mashigar da ta dace a maɓallan ekiran? In injin na da kart ɗin hoto daban, kebul ɗin can ƙasa zai shiga jikin kart ɗin, ba ramin sama ba. Danna Num Lock ko Caps Lock a kilabiye, in ƴar fitilar tana kamawa tana mutuwa, kwamfutar ta tashi, matsalar tana wajen hoto. Gwada da telen gida in ba wani ekiran.

11. In duk an bi ba ta tashi ba

Rage ta. Cire wayoyin diski, na CD, kart ɗin hoto in allon na da ramin hoto nasa, wayoyin USB na gaba, duk wani kart. Bar furosesa da fankansa, RAM ɗaya, da alimantasiyon da ka tabbatar. Kunna. In ta tashi, riƙa maida su ɗaya ɗaya kana kashewa kana zare igiya kowane karo, wanda ka sa ta mutu shi ne. In a hakan ma shiru, cire RAM ɗin duka ka kunna: allon da ke da rai kuma yake da ƴar lasifika zai yi kukan neman RAM. In ba kuka ba motsi, ga alimantasiyon mai kyau, to kart mer ce. Furosesa ba kasafai yake mutuwa ba. In abin ya faru ne daren tsawa cikin damina, duba wajen ramin kebul ɗin intanet, ta nan ma takan shigo ba ta igiyar kuran kaɗai ba.

Kondansata mai kumburi masu gyaran tele da rediyo suna canza ta, in ɗaya ce ko biyu ya cancanci a gwada. In allon ya ƙone kuwa, tambayi kuɗin wani allon ka gwada da kuɗin akwatin okaziyon gaba ɗaya, a tsohon inji sau da yawa tazarar ba ta da yawa.

Takardunka da hotunanka suna cikin diski, kuma ƙin tashin inji ba ya nufin sun tafi. Sukurori ne ko maƙalli da wayoyi biyu, ciro shi, a jona shi jikin wata kwamfuta ko cikin ɗan gidan diski mai USB a kwashe komai. In za ka kai wa mai gyara, faɗa mishi matakan da ka riga ka bi da abin da ka gani a kowanne, kuma ka ce mishi ƙarara kar a yi fomatin, wato a goge diskin, sai an kira ka. Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu rubutun ƙarshen karatu da masu ajiye lissafin shago a ciki, ku ma fi kyau ku ciro diskin ku riƙe a hannu kafin akwatin ya bar gida, gyaran rashin kuran ba ya buƙatarsa sai wajen gwajin ƙarshe.

In ta tashi, ɗaga akwatin daga ƙasa ka ɗora kan tebur ko benci, bar tazara tsakaninsa da bango don iska ta fita. Da an ɗauke kuran a zare igiya, in an maido a jira ƴan mintoci ya daidaita kafin a jona, haka ma in gurup aka tada. Hadari ya taso, zare igiyar kuran da kebul ɗin intanet duka biyu. Sannan a buɗe a hure ƙura da zarar hunturu ya wuce, kafin zafi ya shigo.